Junaid da Sikelin Mahauta

Ranar Litinin, sha ɗaya ga watan Agusta na shekarar 2025, gari ya waye a Sakkwato da laima. An kwana ana yayyafi, da safe rana ta fito a kasalance, gajimare kuma ya taru ta gabas bai tafi ba. Ma'aikatan ofishin ajiyar takardun filaye da rumfunan kasuwa suka riƙa shigowa ɗai-ɗai, suna kankare taɓo a bakin ƙofa. Na ƙarshen shigowa shi ne Malam Junaid, kamar kullum, kuma kamar kullum shi ya fi kowa alamar sauri.

Bara aka tura Junaid bitar kwana uku a Abuja kan aiki da kwamfuta. Tun da ya dawo bai cire katin taron daga wuyansa ba. Da shi yake zuwa ofis, da shi yake zuwa ɗaurin aure, an ce har ta'aziyya ya taɓa zuwa da shi. Abin da ya ƙaru da shi a bitar kalma ɗaya ce, wato tsari. Shayi ya huce, matsalar tsari ce. Fanka ta tsaya, matsalar tsari ce.

A bakin tagar ofis ya tarar da Malam Zayyanu, wani dattijo mai sayar da tabarmi, wanda ya shekara biyu yana zarya neman takardar rumfarsa.

"Malam Junaid, an gane ta?"

"Baba, ba a gane ba. Matsalar tsari ce. Ka dawo wani mako."

"Wancan makon ma haka kac ce."

"To ka ga ba ni da magana biyu ke nan," in ji Junaid, ya wuce ciki.

Shugabar ofishin, Hajiya Maimunat, ta tara ma'aikata ta karanta musu wasiƙar hedikwata. Ana so a ɗauki hoton duk takardun da ke ɗakin ajiya a zuba a kwamfuta, yadda mai fili a Runjin Sambo zai duba takardarsa a waya ba sai ya wuni a bakin taga ba. Kamfanin da zai yi aikin falle-falle yake lissafi. Don haka hedikwata na son sanin yawan fallayen da abin da aikin zai ci, ta duba ko ya cancanci a yi. Tana kuma son sunan jami'in da zai shugabanci sabon sashen kwamfuta, wanda za a ba ofis nasa na kansa, da na'urar sanyaya ɗaki, da kujera mai juyawa. Ana so amsa ta fita ranar Juma'a, a rubuce, da hatimi, ta gidan waya. Hedikwatar da ke son kawar da takarda ba ta karɓar amsa sai a takarda.

Daga jin kujera mai juyawa, Junaid bai ƙara jin komai ba.

Malama Muhsina, wadda matsayinsu ɗaya da shi, ta ce, "Ranki shi daɗe, ɗakin nan tun zamanin En'e ake tara takardu a ciki. Wasu gara ta ci, wasu da ajami suke, taɓa su ma sai da lallashi. Mu roƙi ƙarin lokaci, mu ƙirga kanta-kanta, mu ware waɗanda suka cancanci a kashe musu kuɗi."

Junaid ya yi dariyar da ya koyo a Abuja, ta hanci. "Ƙirga? A wannan zamanin? Ranki shi daɗe, ni ta wajen uwa ɗan gidan fawa ne. Kin taɓa ganin mahauci yana ƙirga nama sili-sili? Aunawa ake yi. Ƙunshin sabuwar takarda falle ɗari biyar ne, mun san nauyinsa. A auna ɗakin gaba ɗaya, a buga lissafi, an gama. Yini ɗaya."

"Ka taɓa riƙe wuƙa kuwa?" Muhsina ta tambaya.

"Abin a jini yake."

"Ai mun gani da layya, da ragonka ya tsere ya bar ka da igiya."

Hajiya Maimunat ta ɗaga hannu. Mace ce mai ƙarancin magana, kuma a ranar za ta tafi taro Gusau sai Laraba. Ta dubi Junaid ta saman tabarau, ta miƙa masa makullin ɗakin ajiya. "Ka gwada. In lissafinka ya tsaya, sunanka zan sa. Sharaɗina ɗaya: takarda ba ta barin ɗakin nan."

"Ko ƙura ba za ta fita ba, ranki shi daɗe."

Washegari ya zo da sikelin da matarsa ke auna kanta. Dabarar ita ce ya hau shi kaɗai, sannan ya hau rungume da fayiloli, a cire wancan daga wannan. A hawa na farko sikelin ya faɗa masa gaskiyar da bai tambaya ba, shi kuwa Junaid ya ce kayan jikinsa ne suka yi masa nauyi. A hawa na huɗu, rungume da fayilolin Ƙofar Rini har haɓa, gilashin ya ce ƙas, allura ta kwanta ba ta ƙara tashi ba.

"Sikelin mata ne," in ji shi. "Aikin gwamnati sai na maza."

Ya hau babur sai kasuwa, wajen kawunsa Alhaji Mati, babban mahauci, mai sikelin rataye da ƙugiyar da ke ɗaukar cinyar sa ba ta gaji ba. Ya tarar da shi a kan benci yana jan carbi yana sa ido a kan ciniki.

"Kawu, gwamnati ce ta aiko ni aron sikeli."

"Gwamnati ta ci bashin nama ne?"

"Takardu za a auna."

Alhaji Mati ya dube shi daga hula har takalmi, ya tsaya a kan katin wuya. "Junaidu, sikelin ga tun da anka rataye shi bai taɓa kwana waje ba. Ko Sallah ba shi tahiya hutu. Mai son awo shi ka zakkuwa wurin sikeli."

Mai hankali da ya ji haka sai ya nemi sikeli a wani wuri. Junaid kuwa lissafi ya buga: Hajiya sai Laraba da yamma, in an kwashe da safe an mayar da azahar, wa ya san an fita? Ya nemi mota. Aka haɗa shi da Gidaɗo direba, wanda ya sauke shanu daren jiya bai samu wanke motar ba.

Laraba da safe unguwar ofis ta cika da 'yan kallo. 'Yan dako suna fito da fayiloli buhu-buhu, kowace unguwa da nata, suna jibgawa a motar shanu, Junaid na tsaye a kan dakali yana nuni da biro. Muhsina ta sha gabansa.

"Malam Junaid, ka manta sharaɗin Hajiya?"

"Malama, akwai sharaɗi, akwai tsari. Ki bar manyan al'amura ga waɗanda suka je bita."

"Ka leƙa cikin motar nan? Kashin shanu ne har idon sawu."

"An shimfiɗa buhu."

"Ka dubi gabas?"

Bai duba ba. Ta kira wayar Hajiya, a kashe. Ta aika saƙo, ta ɗauki lemarta, ta tare keke mai ƙafa uku ta bi bayan motar. Ta ce in dai za a yi jana'izar ɗakin ajiya, gara a samu wani daga cikin dangi a wurin.

A kasuwa, mahauta suka bar wuƙaƙe suka zo kallo. Ɗayyabu, babban mai awon Alhaji Mati, mutum mai furfura da damtse kamar turmi, ya kama buhun farko zai rataya. Alhaji Mati ya zaro fayil ɗaya ya jinjina shi, ya ƙwanƙwasa bangon kwalin da yatsa.

"Wanga kwali, shi ma na'urar taku ci takai?"

"A'a, Kawu. Fallayen ciki kawai ake ɗauka hoto."

"To ƙashi na ke nan. Kuma ni dai ban taɓa sai da ma gwamnati ƙashi da kuɗɗin tsoka ba." Ya mayar da fayil ɗin ya koma bencinsa. Shi da wasa ya faɗa.

Idon Junaid ya yi haske. "Abin da nake shirin faɗa ke nan! Jama'a, a dakata. Bango, da kirtani, da ƙusa, duk ƙashi ne. Za su ɓata mini lissafi. A fitar da su. Tsoka zalla za a auna!"

Muhsina ta kutsa cikin mahauta. "Junaid, a jikin bangon aka rubuta sunan mai fili da lambar fayil! In ka raba su, yaya za a san takardar wa ce?"

"Kwamfuta za ta sani."

"Wace kwamfutar? Wadda ba a saya ba?"

"Malama, kina tare mini iska."

Abin da ya biyo baya, ko maƙiyin mahauta ba zai ce ba su iya aiki ba. Mutanen da ke feɗe sa kafin shayi ya huce, fayil bai zame musu komai ba. Wuƙa ta bi kirtani, bango ya tashi dama, fallaye suka zuba hagu. Takardun da suka shekara sittin a ɗaure suka rabu da sunayensu cikin ƙiftawar ido. Junaid na zagawa yana cewa, "Kun ga tsari? Wannan a Abuja ma sai an yi da gaske."

Bangwaye suka taru tsibi. Wani mai tsire, Jelani, da ya taya aikin, ya matso yana sosa ƙeya. "Ranka shi daɗe, a al'adarmu nan, wanda duk yat taya hiɗa, shi ad da ƙashi."

Kalmar ranka shi daɗe ta ratsa Junaid har ƙafa. "Ku kwashe! Sabon tsari ba ya bukatar kwali."

"Junaid!" in ji Muhsina.

Kafin ta rufe baki tsibin ya ragu da rabi. Jelani ya samu mafici da abin hura wuta. Mai kifi ta shimfiɗa nata a kan tebur. Wani mai keke ya toshe inda rufinsa ke yoyo da fayil ɗin wani gida na kusa da Hubbare. Muhsina ta zauna a kan abin da ya rage, ta buɗe lema, ta ce duk mai so sai dai ya ɗauka da ita.

Aka mayar da fallayen cikin buhunansu, aka fara awo. Ɗayyabu ya rataya buhun Runjin Sambo, allura ta tsaya kaɗan ƙasa da kilo talatin. Shekara talatin yana awo bai taɓa barin allura a tsakanin lamba da lamba ba. Hannunsa da kansa ya kai buhun kusa, na Ƙofar Rini, ya damƙo takardu ya cusa a na sama har allura ta zauna daidai. Sannan ya ƙara ɗan damƙi.

"Mene ne wannan kuma?" Muhsina ta yi tsawa daga kan tsibinta.

"Gyara, Malama. Ba mu sallamar mai ciniki babu gyara."

"Ki bar shi," in ji Junaid. "Lamba cikakkiya ta fi sauƙin lissafi."

Haka aka yi ta yi. Rumfunan kasuwa suka yi wa filaye gyara, filaye suka yi wa gonaki, takardun ajami na zamanin En'e suka shiga tsakanin rasitan bara. Junaid na rubuta nauyi yana murmushi, a ransa har ya fara juyawa a kujera.

Sai iskar hadari ta iso.

Duk ɗan Sakkwato ya san wannan iskar, ba ta sallama. Ta ɗaga rumfar buhu, ta kifar da faifan mai gyaɗa, ta shiga bakin buhunan da ba wanda ya tuna ya ɗaure. Takardu suka tashi sama kamar an kori balbelu. Suka bi layin mahauta, suka shiga layin 'yan tumatir, wasu suka manne a kitse, wasu a doron shanun da ke jiran yanka.

"A kama! A kama! Dukiyar gwamnati ce!" Junaid ya bi wani falle da gudu, katin wuyansa ya maƙale a ƙugiyar sikeli, ya dawo da shi baya. Allura ta yi tsalle.

"Casa'in da biyu," in ji Ɗayyabu, don shi duk abin da ya hau ƙugiya sai ya faɗa. "Da ƙashi."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Jama'a kuwa sun kama takardun, amma wanda duk ya kama sai ya tsaya karantawa.

"Kai, Alhaji! Ashe hilin da kac ce gado na, saye shi kay yi?"

"Ba ni ita nan! Ina ruwanka?"

"Wagga rumfa ashe da sunan matarka take? Shi ya sa ba ka ɗaga murya gida!"

Can sai ga Malam Zayyanu mai tabarmi ya ratso taro, riƙe da wata takarda mai ɗigon jini a gefe. Iska ce ta manna masa ita a ƙirji yana tsaye bakin rumfarsa.

"Malam Junaid! Ga ta! Ga sunana, ga sunan ubana! Shekara biyu kana ce min ba a gane ba. Ashe iska ta fi ka sanin aiki!"

"Baba, kawo, ta ofis ce."

"In ba ka? Ka dawo wani mako," in ji dattijon, ya cusa ta a aljihu.

Daga nan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mahauta suka ja buhunan da suka samu zuwa ƙarƙashin rumfa, bayan sun riga sun sha. Ana cikin haka wata mota ta tsaya a bakin layin. Hajiya Maimunat ta fito, ashe ta ga saƙon Muhsina a hanya. Ta tako a hankali cikin taɓo, ta tsaya, ta dubi motar shanu, ta dubi Muhsina a kan tsibin kwali, ta dubi Jelani yana fifita garwashi da fayil mai hatimin ofishinta. Da ta yi faɗa da ya fi wa Junaid sauƙi.

"Ranki shi daɗe, sannu da hanya," in ji shi, ruwa na bin gemunsa. "An samu 'yar matsalar yanayi, amma lissafi ya tsaya. Ɗayyabu, maido buhun farko Hajiya ta gani da idonta. Kilo talatin cif."

Ɗayyabu ya rataya. "Arba'in da ɗaya."

"Sake dubawa."

"Da biyu yanzu. Ruwa na zuba."

"Iko sai Allah," in ji Alhaji Mati daga bencinsa. "Rabin buhun ya tashi sama, kuma shina ƙiba. Junaidu, mu ma in munka so sa shi cika ido, ruwa muka ɗirka mai kahin kasuwa. Amma mu ɓoyewa mukai, ba mu kiran mai saye shi gani."

Hajiya Maimunat ta juya ta dubi layin. Ko'ina mutane ne a ƙarƙashin rumfuna, kowa da takarda a hannu, wanda bai iya boko ba yana miƙa wa wanda ya iya.

"Malam Junaid," ta ce, "hedikwata ta ce a duba abin da zai ci kafin jama'a su iya ganin takardunsu. Kai har ka raba musu." Ta miƙa hannu. "Makulli."

"Ranki shi daɗe, in aka cire nauyin ruwan..."

"Makulli."

Ranar Alhamis aka sa mai shela ya zaga kasuwa, duk wanda ya tsinci takarda ko kwali ya mayar. Wasu suka mayar. Na Jelani sun dawo da ƙamshin ƙuli-ƙuli, waɗanda ba su dawo toka ba. Mai keke ya ce sai damina ta wuce. Malam Zayyanu ya aiko da hoton tasa, ya ce ta ainihin tana wurin da tsari ba zai kai gare ta ba. Farfajiyar ofis ta koma shanya, an bi ko'ina da takardu an danne da duwatsu, masu wucewa na tambaya ko kilishi ake yi.

Ranar Juma'a da safe Hajiya ta kira Junaid, ta karanta masa wasiƙar da kanta. Ofis ba zai iya faɗin yawan fallaye bana ba. Kafin a yi maganar kwamfuta, akwai aikin mayar da kowane falle cikin bangonsa, kuma kuɗin wannan aikin kaɗai ya isa hedikwata ta zauna ta yi tunani. Sashen kwamfuta, in an kafa shi, Malama Muhsina za ta riƙe.

Junaid ya leƙa wasiƙar. "Ni fa, ranki shi daɗe? An yi maganar suna."

"Sunanka na ciki. Sakin layi na uku. Jami'in da zai zauna a ɗakin ajiya ya haɗa takardun, falle-falle, har a gama."

"Ɗakin ba fanka."

"Matsalar tsari ce," in ji Muhsina daga teburinta, ba ta ɗago kai ba.

Hajiya ta buga hatimi, ta liƙe ambulan, ta miƙa masa. "Kai gidan waya da hannunka. Wannan kam na yarda ta bar ofis."

Ya tafi. A hanya ya cire katin Abuja ya sa a aljihu, don igiyar ta goge masa wuya tun ranar ƙugiya. A gidan waya ya bi layi kansa a ƙasa, yana fatan labarin kasuwa bai iso nan ba. Ma'aikaciyar ta karɓi wasiƙar, ta karanta sunan ofishin a bayan ambulan, ta ɗago ta dube shi. Ta jawo ɗan ƙaramin sikelinta a hankali.

"Malam, da ambulan za a auna, ko tsoka zalla?"

Layin gaba ɗaya ya fashe da dariya.

"Da ƙashinta," in ji Junaid, murya can ƙasa. "Don Allah kada ki raba su."

Ta manna kan sarki, ta buga tambari, ta jefa wasiƙar cikin buhun hedikwata.